Alƙalin da Ya Sayar da Filin da Bai Gama Mallaka Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani alƙali da ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce a can Amurka, wanda labarinsa ba zai zama baƙo ba ga duk wanda ya taɓa tsayuwa a harabar kotu a nan Abuja yana rungume da takardar fili. Na yi aikin magatakardar kotu har na yi ritaya, kuma a tsawon wannan aiki ban ga shari'ar da ke cin shekaru da dukiya da zumunci kamar shari'ar fili ba. Abin da ya tuno mini da wannan alƙali shi ne, a watan jiya ɗan ƙanwata ya zo mini da rasiɗai na fulotin da ya shekara uku yana biya kaɗan kaɗan a hannun wani kamfani a bayan gari. Ranar da ya je haƙa tushe sai ya tarar wani ya riga ya zagaye wurin da katanga, shi ma da takardarsa daga kamfanin guda. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa filin da hukuma ta ba kamfanin bai kai abin da ya yanka ya sayar ba.

Sunan alƙalin John Cleves Symmes. An haife shi a 1742 a tsibirin Long Island na New York, daga baya ya koma New Jersey da zama. A lokacin yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila ya riƙe muƙamin kanar a rundunar sa-kai ta yankinsa, a 1777 aka naɗa shi alƙali a kotun ƙoli ta New Jersey, sannan ya wakilci jihar a majalisar ƙasa a 1785. Mutum ne mai mutunci da sanayya tun kafin ya fuskanci yamma.

A watan Yulin 1787 majalisar ta kafa dokar mulkin ƙasar da ke arewa maso yammacin kogin Ohio, wato inda jihohin Ohio, Indiana, Illinois, Michigan da Wisconsin suke a yau. Dokar ta tanadi gwamna da sakatare da alƙalai uku, ta kuma ɗora wa gwamna da alƙalan nauyin zaɓo dokoki daga tsofaffin jihohi su kafa su a sabon yankin, har sai an sami balagaggun maza 'yantattu 5,000 da za su zaɓi majalisarsu. Ke nan alƙalin da zai yi hukunci da doka yana cikin mutum huɗun da suka zauna suka kafa ta. A 1788 aka naɗa Symmes ɗaya daga cikin ukun, kuma albashin kujerar dala 800 ne a shekara. Aikin ba na jin daɗi ba ne, domin a kan doki ko cikin kwalekwale ake zagaya garuruwa masu nisan makonni kamar Marietta da Vincennes da Kaskaskia. Abokan aikinsa biyu na farko, James Varnum da Samuel Parsons, duk sun rasu a 1789, shi Parsons ɗin ma ruwa ne ya ci shi.

Inda gizo yake saƙar shi ne, a shekarar da aka ba shi alƙalanci, a shekarar ce kuma ya ƙulla ciniki da gwamnati na sayen eka miliyan ɗaya a tsakanin koguna biyu da ake kira Babban Miami da Ƙaramin Miami, a cikin yankin da zai riƙa yin hukunci. Domin mai karatu ya gane girman wurin, eka miliyan ɗaya ta kai kimanin rabin faɗin yankin babban birnin tarayyarmu. Kuɗin eka bai kai dala ɗaya ba, kashi biyu ne cikin uku na dala, kuma an yarda a biya da takardun bashin da gwamnati ta ci lokacin yaƙi, waɗanda darajarsu ta faɗi warwas a kasuwa. Lissafin Symmes da abokan cinikinsa, irin su Jonathan Dayton, shi ne su sayi takardun da araha, su biya gwamnati da su, su kuma yanka filin su sayar wa masu ƙaura. Sai dai a 1790 Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, ya kawo tsarin da gwamnatin tarayya za ta biya basussukanta, nan take takardun suka yi tsada, lissafin ya rushe.

Shi kuwa alƙali bai jira takardar mallaka ba. Tun kafin a tabbatar da iyaka ya fara karɓar kafin alƙalami yana raba filaye, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Awon da safiyoyinsa suka yi ma bai zauna daidai ba, har turaku suka riƙa saɓa wa juna, kamar dai yadda muke gani a filayen awon igiya. Sa'ad da Shugaba George Washington ya sa hannu a takardar mallakar a watan Satumban 1794, eka 311,682 kawai ta ƙunsa, wato ƙasa da sulusin abin da aka yi ciniki a kai, alhali Symmes ya sayar da filaye masu yawa a wajen wannan iyaka, kuma ya ci gaba da sayarwa bisa zaton sauran za su zo hannunsa. Mutanen da suka kafa garin Dayton a 1796 suna cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Bayan sun sare daji sun gina gidaje sun yi shuka, sai aka ce musu ƙasar ta gwamnati ce. Rangwamen da majalisa ta yi musu a dokar 1799 shi ne a ba su damar su riga kowa saya, a kan dala 2 kowace eka. Manomin da ya biya alƙali sai da ya sake biyan gwamnati, a farashin da ya ninka wanda aka yi wa alƙalin sau uku.

To, ina wanda aka cuta zai kai ƙara? Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Babbar kotun yankin ita ce ta Symmes da abokansa biyu, doka ta yarda alƙali guda ya zauna shi kaɗai idan sauran ba sa nan, kuma a wancan lokaci babu hanyar ɗaukaka ƙara daga wannan kotu zuwa kotun ƙoli ta ƙasa. Abokin zamansa Rufus Putnam shi ma jigo ne a kamfanin filayen da ya kafa Marietta. Gwamna Arthur St. Clair ya rubuta wa gwamnatin tarayya yana kokawa cewa kusan kowace rigimar fili a yankin, idan aka bi asalinta, za ta koma ga cinikin ɗaya daga cikin waɗannan alƙalai biyu, kuma su ne za su zauna su yanke hukunci a kanta. Gwamnan ya faɗi gaskiya, ko da yake shi ma ba a rasa nono a rugarsa ba, tunda yana cikin manyan mutane huɗu da suka sayi filin Dayton daga hannun Symmes ɗin.

Ni dai ban ɗauki Symmes ɗan damfara irin wanda ke karɓar kuɗi ya ɓace ba. Da kansa ya kwashi iyali da jama'a ya je ya kafa ƙauyen North Bend a bakin kogin Ohio a watan Fabrairun 1789, ya zauna a cikin haɗarin da masu sayen filinsa suke ciki, kuma a ƙarshe cinikin ya cinye dukiyarsa. A cikin filinsa ne aka kafa garin da St. Clair ya raɗa wa suna Cincinnati a 1790. Amma kyakkyawar niyyar alƙali ba ta amfanar mai ƙara da komai idan alƙalin yana da kaso a abin da ake jayayya a kai. Na sha ganin talaka ya shigo kotu, kafin a kira shari'arsa ya riga ya tambayi masinja ko mai shari'a yana da fili a unguwar da ake rigimar, domin ya san taura biyu ba ta taunuwa. Malamanmu na fikihun Malikiyya sun daɗe da hana alƙali yin sayayya a majalisin hukuncinsa, don gudun kada a yi masa rangwame saboda kujerarsa. Tsarin mulkinmu na 1999 shi ma, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma. Sai dai mallakar fili ba a kiranta kasuwanci, kuma a garin da hukuma ce ke raba fili, ita ce kuma ake yawan kai wa ƙara a kan fili, kyautar fuloti ga mai shari'a abu ne da ya kamata a duba da idon basira ko da doka ba ta hana ba.

Akwai kuma masu ƙasar na asali, waɗanda ba a sa su a cikin cinikin ba sam. Ƙabilun Shawnee da Miami da maƙwabtansu ba su yarda cewa wata majalisa a gabas tana da ikon sayar da dazukansu ba, kuma a watan Nuwamban 1791 suka murƙushe rundunar St. Clair suka kashe sojoji fiye da 600. Sai bayan da Janar Anthony Wayne ya ci su da yaƙi a Fallen Timbers a 1794, aka yi yarjejeniyar Greenville a 1795, sannan filayen Symmes suka yi daraja. Mu da ke zaune a Abuja, muna gina gidaje a tsofaffin gonakin Gbagyi tun bayan dokar 1976 da ta kafa wannan birni, bai kamata mu karanta wannan sashe da sauri ba, duk da cewa namu ba da bindiga aka yi ba.

A cikin hafsoshin Janar Wayne akwai wani saurayi ɗan gidan manya daga Virginia, William Henry Harrison, wanda mahaifinsa na cikin waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka. Ya ga Anna, 'yar alƙalin, ya nemi aurenta, uban ya ƙi, domin bai ga abin da ƙaramin soja a bakin daji zai riƙe mace da shi ba. Anna marainiya ce ta wajen uwa, mahaifiyarta ta rasu a 1776 tana jaririya, kakanninta na Long Island ne suka rene ta suka ba ta ilimi mai kyau. Ranar 25 ga Nuwamban 1795, uban ba ya gida, aka ɗaura auren. A wurinmu wannan babban abin kunya ne, aure babu waliyyi, amma dokarsu ta yarda, kuma alƙalin da ke zartar da dokar bai da yadda zai yi. Ana ba da labarin cewa da ya tambayi angon da me zai ciyar da 'yarsa, sai ya amsa cewa da takobinsa. Shi kansa Symmes bai yi wasa da zaɓen surukai ba, domin matarsa ta uku, Susanna Livingston, 'yar gwamnan New Jersey na farko ce.

Surukin da aka ƙi shi ne ya zama jingina. A 1799 sabuwar majalisar yankin ta zaɓi Harrison ya wakilce ta a majalisar ƙasa, ya kayar da ɗan Gwamna St. Clair da ƙuri'a 11 da 10, abin da ya ƙara rura wutar gabar da ke tsakanin gidajen biyu. Harrison ne ya tsaya aka yi dokar filaye ta 1800, wadda ta ba mutum damar sayen eka 320 kai tsaye daga ofishin gwamnati yana biya kashi kashi, ba sai ya bi ta hannun manyan dillalai irin surukinsa ba. Symmes kuwa ya bi sahun magoya bayan Thomas Jefferson masu adawa da gwamnan, har Jefferson, bayan ya zama shugaban ƙasa, ya tuɓe St. Clair a 1802, Ohio ta zama jiha a 1803, kujerar alƙalan yanki ta ƙare. Ana iya cewa ya ga bayan abokin gabarsa, amma tsugune ba ta ƙare masa ba. Masu bin sa bashi da waɗanda ya sayar wa filin da ba nasa ba suka yi ta maka shi a kotu, ana kama kadarorinsa ana gwanjo. Ko filin da aka sharɗanta masa ya keɓe domin makaranta bai iya bayarwa ba, sai da majalisa ta ba da wani a madadinsa, inda aka kafa Jami'ar Miami ta Ohio a 1809. A 1811 gobara ta cinye gidansa da takardun cinikinsa, ya rasu a Cincinnati a watan Fabrairun 1814 ba shi da abin kirki.

Gidan kuwa sai ƙara ɗaukaka ya yi. Anna ta haifi 'ya'ya goma, mijinta ya zama shugaban Amurka a 1841 ya rasu bayan wata guda a kan mulki, tun ita ba ta ma taso daga North Bend ba, kuma jikanta Benjamin Harrison ya hau kujerar a 1889. Yau idan an ambaci Symmes, surukin shugaban ƙasa ake fara cewa, sunayen manoman da suka biya kuɗin gona sau biyu kuwa sai wanda ya tona tsofaffin rajistocin kotu.

Roƙona ga wannan jarida guda biyu ne. Na farko, ku tura wakilanku manyan kotunan Abuja su ƙirga mana shari'o'in fili da suka haura shekara biyar ba a yanke ba, su kuma tambayi hukumar da ke kula da alƙalai ko akwai ƙa'idar da ta wajabta wa mai shari'a ya bayyana filayen da aka ba shi, ya kuma janye daga duk shari'ar da ta shafi wanda ya ba shi. Na biyu, ku buga wa masu karatu bayani da Hausa a kan yadda ake bincika takardar fili a ofishin ƙasa kafin a biya ko kwabo, domin ɗan ƙanwata bai san ana yin haka ba sai da ya ga katangar wani a kan fulotinsa. An ɗage shari'arsa zuwa bayan hutun kotu.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon magatakardar kotu,
Kubwa, Abuja.