Ɗana, ka rage jadawalin nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu da ɗawainiya? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta jerin abubuwan da ka ce za ka fara daga Litinin: tashi ƙarfe huɗu da rabi, gudu na minti 40, karatu awa uku kullum, ajiye waya da dare, da rage zaman hira. Na ji daɗi ƙwarai, domin ba kowane saurayi ne ke duban kansa ya ce ga inda nake da gyara ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, kayan sun yi nauyi. Da dare ka rubuta su, zuciyarka cike da himma. Wanda zai ɗauka kuwa kai ne na asubar Laraba, ga gajiya, ga barci bai sake ka ba, kuma babu mai ganinka. A wannan lokacin himmar daren Asabar ba ta nan, ta yi tafiyarta. Abin da ke tayar da mutum a irin wannan safiya sabo ne, shi kuwa sabo ba a gina shi da abu biyar a lokaci guda.

Saboda haka ka zaɓi ɗaya. Da ni ne, barci zan fara gyarawa, don sauran duk a kansa suke zaune, amma kai ka fi ni sanin inda ke yi maka ƙaiƙayi. In ka zaɓa, ka ƙanƙanta shi har sai ka ji kunyar faɗa wa wani. Shafi biyu maimakon awa uku. Tafiyar minti goma maimakon gudu. Na san za ka ce shafi biyu me zai tsinana maka, ga jarrabawa tafe. A makonnin farko abin da kake koya wa kanka shi ne zama a kujerar nan a wannan lokacin kowace rana, yawan shafukan zai biyo baya da kansa. Ka tuna hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Wani abin da na lura a takardarka, ka rubuta abin da za ka yi, ba ka rubuta yaushe da kuma a ina ba. "Zan riƙa karatu" fata ne kawai. "Da zarar na dawo na cire takalmi, zan zauna a teburi in buɗe littafi" shi ne shiri. Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya taɓa gwada wannan da ɗalibai a wani bincike da aka wallafa a 1997. An ba su aikin rubuta rahoto a lokacin hutu, aka sa wasu su tsayar da lokaci da wurin da za su zauna su rubuta, wasu kuma aka bar su da niyya kawai. Waɗanda suka tsayar da lokaci da wuri sun ninka sauran wajen cika aikin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ka rataya sabon aiki a jikin wanda ka riga ka saba yi, ba sai ka sake yin shawara da zuciyarka kowace rana ba, kuma a wurin shawarar nan ne kasala ke samun ƙofa.

Ka ce za ka daure kwana 21, daga nan abin ya zame maka jiki. Wannan lissafin ya yaɗu sosai, amma tushensa ba ƙarfi. Ya samo asali ne daga wani likitan tiyatar gyaran fuska a Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kusan kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Mutane suka yar da "aƙalla" suka riƙe lambar. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa da sabon abin da yake son sabawa da shi, sai suka ga tsaka-tsakin lokacin kwana 66 ne. Wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Na kawo maka wannan ne don kada ka kai mako na huɗu, ka ji har yanzu da ƙyar kake jan jiki, ka ce kai ne ba ka da zuciya. Haka abin yake ga kusan kowa.

Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai ɓata ginin ba. Wannan ka riƙe shi da kyau, don a nan mutane suka fi zubewa. Za ka makara wata rana, babu makawa. Haɗarin yana cikin maganar da za ka gaya wa kanka da hantsi: "Ai shi ke nan, na ɓata, bari sai wata ya kama in sake sabon lale." Kar ka saurare ta. Washegari ka koma kan shafinka biyu, kada ka ce za ka rama da shafi ashirin.

Yanzu maganar waya. Muddin tana kwana a gefen matashinka, kai da ita kokawa za ku yi kowane dare, kuma ita ba ta gajiya. Ka kashe fitila, hannu ya lalubo ta da kansa, ka ce saƙo ɗaya za ka duba, ka ɗago ido ƙarfe ɗaya ta wuce. Ka mayar da cajarta can ƙarshen ɗaki inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kai gare ta, ka sa littafin a inda take kwana. Kada ka raina wannan dabara. A lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da jarabar hiroyin, wata muguwar ƙwayar maye, a can. An yi fargabar za su dawo gida da ita. Amma binciken Lee Robins ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake faɗawa cikin shekarar farko bayan dawowarsu. A can ƙwayar tana da araha, tana hannun kowa, abokan sha suna tanti ɗaya. Da wuri ya sauya, akasarinsu suka bari. Ana cewa hali zanen dutse, ni dai ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Da yawan abin da muke kira halin mutum, ɗakinsa ne da abokansa da abin da ke kusa da hannunsa.

Abokan nan ma ka duba su. Ban ce ka yanke hulɗa da kowa ba, amma in duk waɗanda kake zama da su sai biyun dare suke watsewa, ba za ka tashi huɗu da rabi ba ko da agogo uku ka saita. Ka nemi mutum ɗaya mai son abin da kake so ku riƙa tuna wa juna. Kuma don Allah kada ka je ka shelanta a Facebook cewa ka zama sabon mutum. Yabon da za a yi maka zai sa ka ji kamar ka riga ka gama, alhali ko takalmin gudun ba ka ɗaura ba.

Ka rubuto min wanne ka zaɓa, da ƙarfe nawa, da inda za ka riƙa yinsa. Ba zan dame ka da tambaya kullum ba, sai ƙarshen wata zan kira, kuma in ka tsallake wasu kwanaki ka faɗa min gaskiya, ba faɗa zan yi ba. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ka riƙa kiranta ranar Juma'a, ta ce wannan bai shiga cikin abubuwan da za ka rage ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Naka,
Babanka