A tanadi wurin sauya wa jarirai kunzugu a makewayin jama'a

Malam Edita, assalamu alaikum.

Makon jiya ina jiran mota a wata tasha nan Damagaram, jaririyata ta ɓata jikinta. Na biya kuɗin makewayi na shiga, ƙasa jiƙe sharkaf, babu ko dakalin da zan kwantar da ita. Dole na fito gindin bedi, na shimfiɗa zanen goyo a kan rairayi, ƙura na tashi, ƙudaje na binmu, ina ta kāre ta da mayafi daga idon mutane. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

A Amurka, shugaba Obama ya sa hannu kan doka a watan Oktoba na 2016, wadda ta tilasta a sa teburin sauya kunzugu a makewayin gine-ginen gwamnatin tarayya da jama'a ke shiga. Abin da ya fi burge ni, har da ɓangaren maza, don uba ma yakan fita da ɗansa.

Mu ba ma neman teburin Turawa. Dakalin siminti daidai ƙugu, mai ɗan baki don kada yaro ya mirgino, da buta, da sabulu, da kwandon zuba famfas, sun wadatar. Magini ɗaya zai gama shi a yini.

Ina roƙon hukumar birni ta sa wannan cikin sharaɗin ba da izinin gina makewayi a tashoshi da kasuwanni da asibitoci, waɗanda suke tsaye kuma a ba su wa'adi su gyara.

Wata uwa,
Unguwar Birni, Damagaram