Kwafin bayanai da ke kwana ɗaki ɗaya da na asali ba ajiya ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin shugabannin ma'aikatu da masu asibitoci da makarantu kan abin da suke ɗauka ɓarnar kuɗi, wato shirin tayar da kwamfutoci idan gobara ko ruwa ya ci ɗakin saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofis.

Sana'ata kula da kwamfutoci ce a nan Jos. Ofishin da duk na tambaya, amsar guda ce: "Ai muna da kwafi." Ina yake? Sai a nuna maka ɗan faifai an ɗora shi a kan sabar, ga baturan inbata jere a gefe suna huci, na'urar sanyaya ɗakin kuma ta mutu tun bara. Wanda ya ga gobarar kasuwar Taminus a 2002 ya san makomar littafin bashin da ya kwana a shago tare da kaya.

Manya ma sun ji a jikinsu. A watan Maris na 2021 wuta ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikinsa suka rasa komai domin kwafinsu ma a harabar yake. A Satumbar 2025 batir ya kama da wuta a cibiyar ajiyar bayanai ta gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya cak, ma'ajiyar fayilolin ma'aikata ta ƙone ba ta da kwafi.

Ƙa'idar ba ta da wuya: kwafi uku, ɗaya a wani gari, Abuja ko Kano. Sai dai inda ake faɗuwa shi ne gwaji. Faifan da ba a taɓa dawo da bayanai daga gare shi ba, Allah kaɗai Ya san abin da ke ciki. Tayarwar ma da tsarinta: wutar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki tukuna, sai layin sadarwa, sai sabar da ke tantance masu shiga, sannan rumbun bayanai. A asibiti, fayil ɗin majinyata da na kantin magani su riga na albashi, ko da akanta zai ɓata rai. Kalmomin sirri da lambobin waya kuwa a rubuta su a takarda, a kulle a wani ginin, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ya san su, ranar kuma wayarsa a kashe take.

Roƙona ga hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, shi ne ta wajabta wa ma'aikatu atisayen nan duk shekara: a kashe sabar da gangan ranar Asabar, a duba awa nawa za a yi kafin aiki ya dawo, a kai wa shugaban ma'aikata rahoton ya sa hannu.

Naka,
Mai kula da kwamfutoci,
Unguwar Rogo, Jos.