Rahoton ayyukan ƙungiya na bana kan dokar lafiyar al'umma

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, barkanmu da kawowa ƙarshen shekara lafiya. Ga rahoton abin da ƙungiya ta yi bana, na turo shi da wuri dan kowa ya samu ya karanta kafin babban taro.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne karatun tarihin dokokin lafiyar al'umma da muka riƙa yi ta Zoom, kuma gaskiya shi ya fi jan mutane. Mun faro daga killace matafiya, yadda birnin Ragusa (Dubrovnik ta ƙasar Croatia a yau) ya kafa doka a 1377 cewa duk wanda ya taso daga inda ake annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari, wasu cikinmu suka tuna mana hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita. Daga nan muka koma Ingila, rahoton Edwin Chadwick na 1842 kan ƙazantar da leburori ke rayuwa cikinta, da dokar 1848 da ta biyo baya, sai John Snow da ya bi diddigin kwalarar 1854 har zuwa famfon titin Broad a Landan aka cire hannun famfon. Abin da nake so mu riƙe a nan, waɗannan dokoki wuyan hukuma suka fara hawa, ta samar da ruwa mai tsafta da magudanai, kuma wannan ɓangaren ne mutane suka fi mantawa in ana maganar doka.

Zaman da ya fi zafi kam na shari'ar Jacobson ne ta 1905, inda kotun ƙolin Amurka ta ce jiha tana da ikon wajabta rigakafin agana. An ja sosai, wasu na ganin an taɓa 'yancin mutum wasu na cewa ai cuta mai yaɗuwa ba ta tsayawa a jikin mai ita. Ni dai ra'ayina tilas tana da gurbi, amma hukumar da ba ta yi wa jama'a bayani ba kuma ba ta kawo maganin kusa ba to ta raunana hujjarta da kanta.

Kwamitin wayar da kai ya yi rubuce-rubuce kan dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, waɗanda suka fara aiki a 2007 kuma suka wajabta wa ƙasashe sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) cikin awa 24 in sun tantance ɓarkewar da ka iya tsallake iyaka. Sun kuma taɓo yarjejeniyar taƙaita taba ta 2003, dan cututtukan da ba sa yaɗuwa irin su hawan jini da ciwon suga da ciwon daji, waɗanda shan taba ke ƙara haɗarinsu, yanzu su suka fi kashe mutane a duniya, ba annoba kaɗai ba.

Inda muka gaza, ɗan littafin da muka yi alkawarin sauƙaƙa waɗannan dokoki a ciki bai kammalu ba, kuma abin yana damuna wallahi domin shi ne zai kai ga wanda ba ya shiga zamanmu. Shi za mu sa gaba baɗi, tare da batun sirrin bayanan marasa lafiya lokacin annoba. Ma'aji zai kawo bayanin kuɗi a wajen taro, masu bashin kuɗin wata dan Allah a daure a biya kafin ranar.

Sakataren ƙungiya