Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Muhalli: dagwalon majemun Kano yana gangarowa dausayin Haɗeja da Nguru

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya jama'a? Ba zan cinye maka lokaci ba.

Kai ma ka san duk shekara in damina ta ɗauke tsuntsaye na sauka mana a dausayin Haɗeja da Nguru, wasu tun daga arewacin Turai da Saberiya suke tasowa su keta Sahara. Waɗanda suka fi damuna su ne ƴan ƙananan nan na bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da siririn baki, za ka gansu garke guda suna caka baki cikin taɓo suna zaro tsutsa da ƙananan katantanwa. Abincinsu a cikin laka yake, kuma a lakar ne guba take kwanciya.

To ina ruwan nan yake fitowa? Kogin Challawa ne yake haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Shekara da shekaru majemu da masana'antun Challawa da Sharaɗa suna sakin dagwalonsu ya gangara kogin Challawa, duk wanda ya bi wajen ya ga kalar ruwan ya kuma ji warin da hancinsa, ga kuma na masana'antun Bompai da ke bin kogin Jakara. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yinta, kuma irin waɗannan ƙarafan, shi da dalma da kadmiyam da zaiba, ba sa ruɓewa. Tsutsa ta sha daga laka, tsuntsu ya ci tsutsa, abin ya zauna masa a jiki, kadmiyam ya taru a ƙoda, dalma ta shige hanta da ƙashi, zaiba har cikin gashi da ƙwai take kaiwa. Ba nan take zai faɗi ya mutu a gani ba, a hankali yake ramewa, jijiya ta taɓu, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa, alhali wannan ɗan halitta sai ya tara kitse sosai kafin ya iya tafiyar dubban kilomita ya koma gida.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci wa yake ta tsuntsu. Wallahi ruwa ɗaya muke sha da su. A nan masunta suke kama tarwaɗa da karfasa, a nan ake noman shinkafa da kayan miya, a nan Fulani suke shayar da shanu. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma agwagi sun riƙa mutuwa a ƙauyukan kafin a gane me ke kashe yara.

Ranka ya daɗe, Najeriya da kanta ta sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyin duniya, a shekarar 2000, ta ce za ta kula da su. An kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007 don ta hana irin wannan zubar da dagwalo. An sha yi mana alkawarin matatar da za ta tace ruwan masana'antun Kano. Ina aka kwana? Don Allah don Annabi a fito a gaya mana lita nawa ake tacewa a rana, nawa kuma ke wucewa kogi yadda yake.



Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ofishinka ba. Ba na neman a rufe majema, mutane da yawa a nan suke ci, a tilasta musu tace ruwansu kafin ya fita daga katanga. Sannan a tura masana daga jami'o'inmu na Kano da Dutse da Gashuwa su ɗebi laka da kifi da gashin tsuntsu tun daga Tamburawa kusa da Kano har Dagona a jihar Yobe, ba sai an kashe tsuntsu ko ɗaya ba, gashi da ɗigon jini sun isa. Abin da aka samu a faɗe shi da Hausa a rediyo, masunta da manoma su ji da kunnensu.

Na gode, a huta lafiya.
Ɗanka daga yankin dausayi