Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Tsohuwar Amfilifayar Jita

Shikago, Amurka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan sanyi ya kankama, amma alhamdu lillahi.

Hotunan da ka turo sun iso, saƙon muryarka kuma na saurare shi har sau biyu. Na ga maganar ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na zauna rubutu. Kafin komai, don Allah notin nan da ka sayo a kasuwa don ɗaure amfilifayar, ajiye shi. Kada ka ƙara murza shi ko sau ɗaya.

Abin da yaron ya kawo maka shago, wanda ya ce mahaifinsa ya yi kiɗa da shi a otal-otal ɗin Sabon Gari, amfilifayar jita ce mai suna Fender Twin Reverb. Wallahi da na ga hoton sai da gabana ya faɗi don murna. Kamfanin Leo Fender ya fara ƙera wannan samfurin a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1963, da baƙar fuska, wato allon makunnai na gaba. A 1965 aka sayar wa CBS, wani kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, da kamfanin, wajen 1968 kuma fuskar ta koma ruwan azurfa. Naka mai fuskar azurfa ne, ga kuma ƙarin makunnin ƙara na gaba ɗaya a can ƙarshen dama, wanda sai wajen 1972 aka soma sa shi. Ka ga ke nan ya haura shekara arba'in da ɗoriya. A shagon da nake aiki irinsa suna shigowa, masu su kuma suna lallaɓa su kamar ƙwai.

Ka ce shasin, wato akwatin ƙarfen da ke ɗauke da kayan lantarkin, ya karkace, gefe ɗaya ya sauko, idan aka kunna sai gurnani. Ka duba yadda aka gina shi. Ba kamar rediyoyin da muka koyi aiki a kansu ba ne, waɗanda kayan cikinsu ke zaune a ƙasa. Wannan a rataye yake. Dogayen bol guda huɗu ne suke saukowa daga saman akwatin, su ratsa waɗancan siraran ƙarafa biyu masu ƙyalli da ke kwance a kai, su ratsa katako, su ratsa shasin, noti ya kama su daga ƙasa. Taransifomomi da kwalaben bawul duk kansu a ƙasa yake. Duk nauyin nan bol huɗu ne ke ɗauke da shi, ga lasifika biyu masu inci 12 suna girgiza su duk daren da aka yi wasa. Idan ɗaya ya kwance, sauran ukun ne za su sha wahala, kuma yawanci gefen babbar taransifomar wuta ne ke fara sauka.

Gurnanin ma ina zargin daga nan yake. A cikin rufin akwatin akwai raga ko fallen ƙarfe da aka manna, wanda ke rufe buɗaɗɗen bakin shasin ya tare hayaniyar lantarki. Shasi ya rabu da shi, kariya ta ragu. Don haka kada ka fara cire kapasitoci, wato masu adana wuta, tukuna. Ɗaure shi daidai, sannan ka saurara.

To, ga maganar notin. Ka ce ya shiga zagaye biyu ya cije. Dole ya cije. Naka M4 ne, awon milimita, bol ɗin kuwa awon inci ne na Amurka. Waɗanda suka fi shigowa hannuna 8-32 ne, wato zare 32 a kowane inci. Kaurinsa ya ɗara milimita 4 da kaɗan, tazarar zarensa kusan 0.79, ta M4 kuwa 0.7. A ido kamar Hassan da Hussaini suke, shi ya sa ake ruɗuwa. Mutum ya ji ya cije sai ya sa ƙarfi da sifana, zaren ya mutu, bol ɗin da ya rayu shekara arba'in ya tashi aiki cikin minti ɗaya. Na sha ganin haka a nan ma. An taɓa kawo mana wani wanda mai gyaran farko ya ga noti ya ƙi, ya ɗauko na'urar huji ya faɗaɗa ramin shasin, ya zura ƙaton bol irin na gado. Ya riƙe kam, amma ramin ba zai sake komawa yadda yake ba har abada. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

Zan aiko maka da 8-32 masu tsawon inci uku da kwata, da 10-32 ko da naka su ne, tare da notinsu mai haɗe da wosha mai haƙora, wanda ba ya kwancewa da girgiza. Akwai mai zuwa gida ƙarshen wata. Ka ba yaron haƙuri ya jira.

Ranar da za ka sauke shasin, ina roƙonka ka tuna abin da maigidanmu, Allah ya jiƙansa, yake faɗa mana game da bayan tsohuwar talabijin. Manyan kapasitocin da ke ƙarƙashin murfin ƙarfen nan suna ɗaukar ƙarfin wuta sama da bolt 400, kuma suna iya riƙe wuta bayan an zare soket. Sauke wutar ta rizista, ka gwada da mita, sannan ka sa hannu. Cire allon baya na sama, ka zare bawul ɗin ka jera su yadda suke, ka cire wayar lasifika da wayoyi biyu na tankin amsa-kuwwa. Samu yaron shago ya tallafe shasin ta ƙasa. Kai kuma riƙe noti da sifana, idan ba ka da ta inci, lamba 9 za ta kama, ka juya kan bol ɗin da sukurudireba da ta cika ramin daidai. Wanda tsatsa ta kama, ɗiga masa kananzir ya kwana. Wajen jawo shasin waje ka yi a hankali kada ya yage ragar.

Idan ramin katakon ya rarake, kafinta ya fiƙe ɗan icce ya cike shi da gam, ya bushe, a sake hudawa daidai kauri. Ƙarafan saman kuwa ƙyalle da ɗan mai sun ishe su. Kada a sa musu sanfefa, rufin da ke kansu siriri ne. Wajen ɗaurewa ka bi su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har shasin ya manne da rufi, ka tsaya nan. Ƙarfi ya yi yawa sai ƙarfen ya lanƙwashe ya yanke fatar akwatin.

Tsofaffin bol ɗin, har wanda ya lalace, zuba su a ambulan ka ba mai kayan. A nan masu saye har kan bol suke dubawa su ga ko na asali ne. Ko ba don kuɗi ba ma, kayan ubansa ne.

Abu biyu kafin ka kunna. Duba bayansa: idan babu makunnin zaɓen ƙarfin wuta irin na waɗanda aka yi don ƙasashen waje, to na bolt 120 ne, wutarmu ta 230 za ta ƙone shi sai da taransifomar rage wuta. Kuma kada ka kunna shi lasifika ba ta haɗe, taransifomar sauti na iya lalacewa.

Idan ya tashi, ka sa yaron ya kaɗa ko da waya ɗaya ce, ka ɗauko mini sautin. Ka gaida uwargida da yara, da duk mutanen layinmu. Ka ce wa Hajiya ina neman addu'arta.

Naka amini har kullum.