Binciken likitocin fiɗa na can a Turance, mu muna nan a layin kemis

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun daminar bara.

Ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara tara, ya yi kwana goma yana zazzaɓi. Sau uku ana kai shi kemis ɗin unguwa, a yi allura, a ɗaura ruwa, a ce maleriya ce ta haɗu da taifot. A dare na goma cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ko zani ba ya son ya taɓa shi. Kakarsa ta jiƙa jar kanwa aka ɗura masa, ya dawo da ita. Sai da asuba muka saka shi a Adaidaita Sahu. Likita na ɗora hannu a cikin ya ɗago ya dube mu, ya ce taifot ya huda hanji, yanzun nan za a shiga da shi tiyata. Nan muka bazama neman jini da kuɗin kayan aiki. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɗinkin ya yi ruwa, muka ƙara mako uku a gadon asibiti.

A zaman jinyar nan na saba da wani matashin likitan fiɗa, kuma shi ya buɗe mini ido. Ashe abin da ya same mu an daɗe da ƙidaya shi. A 2016 wata haɗakar likitoci mai suna GlobalSurg ta fitar da sakamakon bin diddigin mutum 10,745 da aka yi wa tiyatar ciki ta gaggawa a asibitoci 357 na ƙasashe 58. A ƙasashe masu arziki kashi 4.5 cikin ɗari ke rasuwa cikin kwana talatin, a matalauta kuwa kashi 8.6. A 2018 wani binciken da Farfesa Bruce Biccard na birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu ya jagoranta a ƙasashen Afirka 25 ya nuna marasa lafiyarmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya kai ninki biyu. Yawanci ba a kan teburin fiɗa ake rasa su ba, a ɗakin jinya ne, inda jiki zai rikice babu isassun ma'aikatan da za su farga da wuri.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na 2022, saboda ɗinkin yaronmu. An gwada shi kan mutum sama da 13,000 a ƙasashe bakwai, da Najeriya a ciki. Abin da aka yi kawai, kafin a rufe ciki, likitoci su sauya safar hannu su ɗauko sababbin kayan aiki. Ruɓewar ɗinki ta sauko daga kashi 18.9 zuwa 16. Safar hannu fa, Malam Edita! Ba wata na'ura ta miliyoyi ba. Kuma da hannun namu a aikin, irin su Farfesa Adesoji Ademuyiwa na Legas. Tun kafin nan ma Farfesa Emmanuel Ameh ya yi ta rubutu kan hujewar hanjin yara lokacin yana Zariya.

To ga ƙorafina. Na ji an ce a jami'a ana auna malami da yawan takardun da ya wallafa, da sau nawa wasu suka ambace shi, da ƙasashen da ya yi aiki tare da su. Ban raina wannan ba, da ba a haɗa kai ba ina asibiti ɗaya zai tara mutum dubu goma? Amma duk wannan ilimi yana kwance cikin mujallun Ingila, da Turancin da ni mai digiri ma sai da aka warware mini. Kakar yaron nan rediyo take ji daga safe har dare. Da ta taɓa jin likita ya faɗa da bakinsa cewa cikin da ya yi tauri bayan dogon zazzaɓi ba na kanwa ba ne, da ba mu kai asuba ba.

Muna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, muna da na Murtala, ga Jami'ar Bayero. Masana ba su yi mana kaɗan ba. Ina roƙon ka tura wakilinka ya zauna da likitocin fiɗarsu ko sau ɗaya a wata, su gaya mana da Hausa abin da suka gano kan taifot da afendis da gwaiwar da ta maƙale, da alamun da in an gani ba a tsayawa kemis. A kuma tambaye su ko ana sauya safar nan a ɗakunan tiyatarmu, in ba a yi, me ya hana.

Yaron ya koma makaranta, sai dai har yanzu in zai buga ƙwallo hannunsa ɗaya na kan tabon.

Naka mai karatu,
daga Ɗorayi, Kano